Ledar Da Hannun Gwaggo Bai Kai Ba

Ranar da labarin ya same ni, rabin jikina yana cikin tano. Tanon ƙarfe ne da muke dafa kara a ciki, na kwantar da shi a bakin rijiya ina goge gindinsa da soso. Hantsi ya ɗaga, sai na ji sallama a zaure da irin muryar da ba ta son a amsa mata. Na fito da kaina, ɗankwali a karkace, goshina duk baƙi. Tanimu ne, wan mijina. Bai shigo ba, bai koma ba, ya tsaya yana kallon takalminsa. Ya ce babur ɗin ƙaninsa ya haɗu da motar kaya a hanyar Agye, an kai shi likita, amma kafin a sauke shi rai ya yi halinsa.

Kun san abin da ya fara fitowa daga bakina? Cewa na yi, "To wa zai yayyafa ruwa?"

Tanimu ya ɗauka hankalina ne ya gushe. Wataƙila da gaskiyarsa. Amma ku zauna in ba ku labarin ruwan, 'yan'uwa, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba.

Sunana Salima, 'yar Sae Sabuwa, aure ya kai ni Gazawa. Mijina Garzali ne. Yau na rubuta sunan, da yana da rai ban taɓa kiransa da baki ba. Mutanen gari kuwa Mai Laima suke ce masa. Kowa a Gazawa hatsi yake nomawa, da wake, da aya. Shi ma yana yi, amma abin da ya ɗauke masa hankali a ɗaki yake noma shi, cikin leda: naman kaza, wanda mu a gida muke kira laimar kwaɗi. Wani furoje ne, irin shirin tallafin nan na ƙungiyoyi, ya zo ya koya wa mutane. Da aka daina raba shayi da burodi a wurin taro kowa ya watse, shi kaɗai ya liƙe. Yana ɗaurawa a bayan babur ya kai wa masu dafa abincin otel a Maraɗi. Ni da farko ko taɓawa ba na yi. Wata rana ya soya da albasa da tattasai ya ce mini ƙundun kaza ne, sai da na suɗe kwanon ya kwashe da dariya. Kwana biyu ban yi masa magana ba, ranar na uku na ce ya ƙara soyawa.

Aikin ba wuya gare shi ba, tsantseni yake so. A daddatsa karan hatsi ƙanana, a dafa a tano, a tsane. A barbaɗa iri, wato ƙwayar dawa da wani farin abu ya lulluɓe. A cusa a leda, a ɗaure baki, a huhhuda da allura. Sai farin zare ya dinga bin karan kamar saƙar gizo har ledar ta koma fara tas, daga nan kunnuwa su ɓullo. Na taɓa tambayarsa me ya sa muke ƙona itace kan abin da jaki ke ci ɗanye. Ya ce busasshen karan nan da nake gani cike yake da masu jiran ruwa, hunhuna iri-iri, kore da baƙi, ido ba ya ganin irinsu. In aka jiƙa ba a dafa ba su za su riga tashi, don sun fi namu ƙafa. Namu nawa gare shi, amma yana cin kara gaya, su kuwa sai da ɗan daɗi-daɗi suke ƙarfi.

"Ki bar shi da yunwarsa," ya ce. "In kika ji tausayinsa kika ƙara masa wani abu, maƙiyansa kika ciyar."

Ana jibi zai rasu ya juye ƙarshen irin da ya rage masa. Ya cika ledoji, ya rataye su da igiya a jikin azara, wasu ƙasa wasu sama. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ledojin nan su ne abu mai rai da ya bari a gidan, bayan ni.

Da na shiga takaba Baba ya aiko ƙanwarsa, Gwaggo Cima, ta zauna da ni, in na fita ta maida ni gida. Gwaggo gajera ce, faɗinta ya kusa kamo tsawonta, bakinta kuma ba ya hutu ko tana cin goro. Tana sauka ta kwashe kwallina da turarena da 'yan kunnena ta ƙulle a ƙasan akwatinta. Ta bar mini tsohon zane mai ruwan ƙasa da hijabin da ya koɗe, ta ce ko madubi in na gani in sauya hanya.

Ɗakin ledojin yana can ƙuryar gida. Ni na kasa shiga. Silifas ɗin da yake sawa in zai shiga suna nan a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya yadda ya tuɓe su. In na doshi wurin sai in juya. Don haka na roƙi Gwaggo ta dinga yayyafa ruwa a ƙasa da jikin bango safe da yamma, kada ta taɓa komai. Ta tambayi abin da ke ciki, na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Abin da ka hitowa bisa juji da damina, shi kuka ba ɗaki guda har da ƙyaure? Ni da ni' haihi bakwai ban samu ɗaki ni ɗai ba."

Amma ta karɓi aikin. Gwaggo ba ta ƙin aiki, gyara shi take yi.

A kwanakin nan ne Hambali ya fara. Hambali mai amalanke ne, shi ke kawo wa marigayi kara. Kakanninsa daga arewa suka zo da garken raƙuma, shi kuwa jaki guda ya gada. Dogo ne siriri, kullum cikin shuɗiyar riga da ta sha bula, ga rawani kamar zai tafi Agadas alhali kasuwar aya za shi. Matarsa ta rasu wajen haihuwa shekarun baya, bai sake ba. Ya zo gaisuwa tare da maza kamar kowa. Bayan an watse sai saƙon murya ya fara shigowa salular marigayi, wadda ta dawo hannuna da tsagaggen gilashi.

"Salamu alaikum. Hambali ne mai amalanke. Ya haƙuri? Dama tambaya nake ko karan ya ƙare."

Ban amsa ba. Bayan kwana biyu ga wani. Kun san ba a yi wa mai takaba zancen aure, ko almajirin malam ya san wannan balle babba. To Hambali bai taɓa yi ba, wallahi ko sau ɗaya. Zancen kara yake yi. Ya ce kara in ba mai kula da shi gara ke cinyewa. Ya ce kara ba ya son a bar shi shi kaɗai a fili, iska na kwashe shi. Wata rana ya ce kara yana son inuwa, ya yi shiru har na zaci saƙon ya ƙare, sai ya ce shi ma gidansa akwai inuwa, akwai bedi babba, itacen dogon yaro.

Gwaggo tana gefe tana tsintar wake, kunnenta a tsaye.

"Wanga mutum," ta ce, "kara ad damuwa tai ko mai kara?"

Na ce ta ji tsoron Allah. Ta ce tana ji, shi ya sa ba ta ce komai ba. A lokacin ko murmushi ban yi ba. Yanzu in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai har a leƙo.

Wajen sati uku da rasuwa, ina zaune kan tabarma ina jan carbi, Gwaggo ta taho tana rangaji, fuskarta kamar wadda aka yi wa bushara da Makka.

"Tashi ki gani, ɗiyata. Shukar mijinki ta kama. Ta yi kore shar, ganye na nan tahe."

Ban san lokacin da na tsallake silifas ɗin nan ba. Warin ne ya fara tarbata, irin na tuwon da aka manta a kwano. Ledojin da ya kamata su zama farare duk sun yi dabbare-dabbare, kore kamar gansakukar bakin rijiya, wasu da baƙi-baƙi, ruwa mai yauƙi ya taru a gindinsu. Bakin kowace leda an kwance an sake ɗaurewa, ɗaurin mata.

Gwaggo ta tsaya a bayana tana ba ni labari da alfahari. Ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin inda ake ba ƙasa ruwa a bar shuka da ƙishi ba. Ga shi kuma an yi ta dakan gumbar sadaka, ƙasari ya taru baho-baho, gidan ba akuya ba tunkiya, don marigayi ya sayar da su saboda suna ci masa kara. Ita kuwa ba za ta zubar da ƙasari a rariya ba, ruwan wankin hatsin da ke sa akuya ta yi ƙiba har ta kasa tsallake danga. Sai ta dinga kwance bakin kowace tana zuba mata ludayi guda. Waɗanda ta ga kamar sun rame ta ƙara musu da ɗan dusa.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ranar da aka kawo gawa na yi kuka, amma irin wanda mata ke riƙe ka suna cewa ka yi haƙuri. Wannan ba wanda ya riƙe ni. Na yi shi har muryata ta dushe. Gwaggo ta fara cewa ai kore alheri ne, ta dubi fuskata, maganar ta maƙale. Tunda na san ta ranar na fara jin shirunta.

Da na ɗaga kai don in share majina sai na hango ta. Can sama, dab da rufi, leda ɗaya tana lilo a hankali, fara tas, da ɗaurinsa a bakinta.

Gwaggo ta bi idona. A hankali ta ce, "Waccan ta gagare ni. Har bisa turmi na hau, ban kai ba."

Marigayi dogo ne, ita gajera. Abin da ya ceci ledar ke nan.

A salularsa na nemo lambar Madam Rahina, wadda ta koya musu aikin. Na aika mata murya ina shessheka, da hoto. Ta yi mini ta'aziyya mai kyau, sannan ta gaya mini gaskiya. Furoje ya rufe, ita ma ta koma wani aiki a Maraɗi, iri kuwa daga nesa ake kawo shi, ba ta san ranar da za a sake samu ba. Korayen ledojin kada a buɗe su a gida, don ƙurarsu iri ce, iska za ta raba ta ko'ina. A kai su daji a binne. Farar kuwa zaɓi biyu gare ni. In na bar ta za ta yi kunnuwa sau biyu ko uku, in ci, ta mutu, shi ke nan. In kuma na farfasa ta na zuba a sabon dafaffen kara, tana iya zama iri ta ci gaba. Tana kuma iya lalacewa duka, don ɗakin ya riga ya cika da ƙurar kore, in tashi ba ko ɗaya.

Ranar Tanimu ya shigo gaishe ni. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce in na fita takaba yana son ɗakin zai zuba buhunan aya. Da yamma Baba ya kira ya ce ya ji ina kuka kan ruɓaɓɓen kara, in bar wasan yara, in lokaci ya yi in tattaro kayana, gida bai gaji da ni ba. Kowa da gaskiyarsa. Ni dai na san in ledar nan ta mutu, an sake yi mini rasuwa, kuma wannan karon ba mai zuwa gaisuwa.

Na ɗauki salula, karo na farko na amsa wa Hambali. Kalma uku na faɗa: "Ina son kara."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce na kashe bawan Allah, yau ba zai iya cin tuwo ba.

Kafin azahar mun ji kukan jaki a ƙofar gida. Na tsaya ta cikin danga, shi ta waje, zana a tsakaninmu, Gwaggo ta leƙa ta ɗebo mini samfur. Baƙi ne, laushi tuɓus, yana warin fitsarin jaki. Ta bayan zana Hambali ya yi bayani cikin natsuwa, ya ce da hannunsa ya tono shi daga ƙarƙashin tari, wurin da jaki ke kwana, don nan ya saba ganin laimar kwaɗi na fitowa da kanta. Ya ce bai taɓa kawo wa marigayi irin wannan ba, ni ce ya ga ya dace ya zaɓo wa mai kyau.

Na ce ya mayar. Na ce ina son wanda bai taɓa ƙasa ba, bai sha ruwan sama ba, mai haske, wanda in an karya zai ce ƙas.

Ya ce irin wannan akwai, yana kan rumfa, amma shi ya ajiye wa jaki na bazara. Ta bayan zana na ji jakin yana kaɗa kunne.

"Jakin zai yi haƙuri," ya ce.

Shi ya kwashi korayen ledojin a amalanke, a rufe da buhu, ya kai bayan gari ya binne. Gwaggo kuwa ba ta ce in yafe mata ba, ba a haifi Gwaggo don wannan ba. Tsintsiya ta ɗauka da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta ta wanke ɗakin tun daga bango har ƙyaure, ta shafe shi da farar ƙasa, tana yi tana zagin kore da uwar kore. Hannunta sai da ya yi saɓa.

Washegari aka yi aikin da unguwa ba ta manta ba. Hambali a ƙofar gida da adda yana datsa kara a kan gungume, rawani ya warware. Gwaggo tana hura wuta a gindin tano. Maƙwabta suka ga hayaƙi da babbar wuta suka zaci sadaka ce, mata suka fara shigowa da kwanoni. Kowace ta leƙa tano ta ga kara yana tafasa, ta dube ni, ta yi mini addu'ar samun sauƙi ta fita. Muka tsame, muka baza a kan wankakkiyar leda ya huce, ya tsane har in ka matsa a hannu sai ɗigo ɗaya ko biyu. Ana cikin haka jakin ya zuro kai ta ɓarakar danga ya ja rabonsa. Hambali ya ce a bar shi, yau ya fara cin dafaffe, kuma dama nasa ne.

Saura sauko da ledar. Hambali zai kai ba tare da ya yi ɗage ba, amma jikinsa duk ƙura, kuma ba shi da hurumin shiga. Sai muka kife tano na hau, Gwaggo ta rungume ƙafafuna. Marigayi ya ce ba a magana a kan iri, numfashi ma ɗauke da ƙazanta yake. Don haka na ɗaure bakina da ƙyalle, na ɗaure na Gwaggo da ɗankwalinta. Ta cikin ɗankwalin ma ba ta fasa ba, sai gunguni kake ji kamar ƙudan zuma a tulu.

Da ledar ta zo hannuna na kasa kwance bakin. Ɗaurinsa ne, irin wanda yake yi sau biyu ya ja da haƙori. Na juya ta na tsaga ta gindi da sabuwar reza. Ciki ya haɗe ya yi tauri, fari kamar cuku, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Na wanke hannu da sabulu har gwiwa, na dinga gutsura ina sawa tsakanin sabon kara, ina dannawa, ina ɗaurewa. Hawaye na zuwa ina kau da kai gefe, don ban sani ba ko shi ma yana kawo kore.

Daga nan sai jira. Hambali ya sauya salon tambaya, kullum sai ya turo: "Ya masu jiki?" Ni kuma in ba shi rahoto kamar daga gadon likita. Ta kusa da ƙofa ce ta fara, ɗigon kore kamar ƙwayar wake, kafin kwana biyu ya yi tafin hannu. Wata ta yi baƙi tana tsami. Duk wadda ta kamu Gwaggo ke fitar da ita, ta miƙe hannu can nesa da jikinta, ta riƙe numfashi, ta miƙa wa Hambali ta kan danga. Akwai wadda na fi jin zafinta. Fari ya taso ta sama, kore ta ƙasa, suka haɗu a tsakiya, wurin ya yi wani jan layi kamar iyakar gonar da ake shari'a a kanta. Kwana da kwanaki ba wanda ya matsa. Na so in bar su in ga ƙarshen damben, Madam Rahina ta ce in fitar da ita tun koren bai yi ƙura ba. Na fitar.

Ɗaya ta rage. Farin ya bi ta a hankali, kamar ba ya so, har ya rufe kara na ƙarshe.

Wata safiya ina alwala na ji Gwaggo tana kirana ƙasa-ƙasa, ta bakin ƙofar ɗakin, hannunta a kan bakinta don kada ta yi wa ledar numfashi. Ta ce, "Ta yi kunnuwa." 'Yan ƙanana ne, cunkus, kamar kan ashana. Cikin 'yan kwanaki suka buɗe, masu ruwan toka, suna hawa kan juna.

Na soya da albasa da tattasai yadda yake yi. Gwaggo da ta rantse ba za ta ci abincin kwaɗi ba ta ce a ɗan sa mata a gefen murfi, don kawai ta san abin da ta yi wa wahala. Ta tauna, ta dubi sama, ta ce gishiri bai ji ba, ta miƙo murfin a ƙara. Na zuba a ƙaramin kwano ta kai wa Hambali. Kun san ba a maido kwano haka nan. Da ya dawo na buɗe, sai ga datsattsen kara mai haske, cike fal, an danna shi da kyau.

Nawa kason na ci shi a bakin ƙofar ɗakin, kusa da silifas. Ɗanɗanon bai sauya ba ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da takaba ta cika aka yi sadaka, na yi wanka, Gwaggo ta fito mini da kwallina da sabuwar atamfa mai ganyen shuɗi da Baba ya aiko. Buhunan ayar Tanimu har sun iso zaure. Kafin nan na riga na sake gutsurar farin na zuba a sabon kara, na samu ƙaramar leda guda da ta kama. Ita na rungumo a mota, a naɗe da jiƙaƙƙen zane. Yaron mota ya ce a ɗora ta sama da kaya, Gwaggo ta tambaye shi ko shi uwarsa a sama take ɗora jariri. Wata mata ta ce Allah ya raya, na ce amin.

Yanzu ina Sae Sabuwa. Bazara ta shigo, ɗakunan gidanmu duk rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Farin ba ya son zafi, kore kuwa nan ne yake jin daɗinsa. Na ajiye ledar a ɗakin Gwaggo, bayan randa, na rufa mata jiƙaƙƙen buhu, amma ina ganin gefenta ya fara yin rawaya. Ba za ta kai damina a nan ba, wannan na sani.

Hambali kuwa, yanzu da aka halatta masa ya faɗi abin da ke bakinsa, har yau bai faɗa ba. Manyansa dai sun zo wurin Baba da goro, Baba ya bincika ya ce bai ji aibu ba, jaki guda ma dukiya ce in mai shi na da gaskiya. Ni abin da ya turo mini hoto ne. Wani ɗan ɗakin ƙasa, sabo, mai kaurin bango, rufin ciyawa, a gindin bedin nan da ya daɗe yana yi mini talla. An zuba yashi a ƙasa, an shafe ciki da farar ƙasa, an gitta azara da igiyoyi suna reto. Ƙofar a buɗe take, ba ƙyaure. Muryar da ta biyo baya gajera ce.

"Da rana tsaka na shiga na zauna, sanyi kamar gindin rijiya. Ƙyaure ya rage. Ban san irin wanda ɗakin yake so ba, na ce in bari mai shi ta zo ta faɗa. Igiyoyin kuma na ɗaure su can sama, saboda baƙi."

Gwaggo ta ji, ta ce wa yake nufi da baƙi, ta ce in ta je sai ta tafi da tsani. Sannan ta zauna kusa da ni, ta rage murya, ta ce in amsa masa ko don ledar.

Na saurari saƙon ya fi a ƙirga, ban amsa ba tukuna. Ba Hambali nake tsoro ba, mutumin da ya hana jakinsa abinci saboda ni. Ina tsoron in je in ji daɗi, wata safiya ta zo in tashi da dariya in hura wuta in ɗora koko, sai rana ta yi tsaka in tuna ban duba ba.

Don kullum ina dubawa. In na sallame sallar asuba, kafin in gaida kowa, sai in wanke hannu da sabulu, in ɗaga buhun, in riƙe numfashi. Gaban ledar ba ya gaya maka komai, kore ta wajen bango yake fara ɓoyewa. Sai in ɗauke ta da hannu biyu in juya ta, in duba bayanta.

Yau ma fari ne.